Bashin Tashar-Shuni

Ni mai haƙar yashi ne a Yamai,
ƙasan Gamkalle, inda majema ke shanya fata.
In ruwan Isa ya ja baya da bazara
har duwatsu suka fito da ƙoƙon kai,
nakan nutsa da bokiti, in cika kwalekwalen Nomau,
shi ya sayar wa magina, ni in sami na dawo.

Wata Talata na nutsa, ban taɓo ƙasa ba.
Na taɓo zankon soro.

Birni ne, wallahi, da ƙofa goma sha ɗaya,
kowace da jirgi ake shigarta.
Babu jaki, babu turba,
ruwa ne lungu, ruwa ne dandali.
Dorina ce zaune a ƙofar yamma, ta yafa saƙi,
tana karɓar kuɗin fito:
wuri uku ga baƙo, ga ɗan gari gaisuwa kawai.
Ta shinshine ni, ta ce, "Shige, ana jiranka."

Kasuwa ta cika ta batse.
Kantun gishiri daga arewa, huhun goro daga kudu,
tagulla sanda-sanda, gashin jimina dami-dami.
Ga tsohuwa tana auna ruwan saman bara da ludayi.
Ga mai barci a tulu, na jarirai ya fi tsada.
Ga maƙeri yana lanƙwasa ƙugiya
wadda ba ta kama kifi mai ƙwai.
Marina sun rine unguwarsu
har tarwaɗa ke wucewa da launin rawani.
Ana ciniki da Zabarmanci, da Buzanci, da Nufanci,
da wani harshe da kumfa kaɗai ake yinsa,
kuma na ji "albarka" a cikin kowanne.
Jirage na shigowa, jirage na fita,
ba wanda ya tambayi wane ƙarni ake ciki a sama.

A zauren awo na tarar da Kada, magatakarda,
alƙalami maƙale a tsakanin haƙora.
Bai ɗaga kai ba. "Jikan Tsahara?"
Na ce ni ne.
Ya buɗe kundi mai warin laka:
"Shekarar da rumbu ya zama ɗakin gizo-gizo
kakarka ta sauko nan da goyo,
ta ɗauki gero tiya arba'in,
ta ce jininta zai biya."

Na shafa aljihu. Dala biyu, da guntun goro.
Ya yi dariya, ruwa ya kaɗa.
"Ba mu san wannan ƙarfe ba.
Yashin da kake kwasa, ka san ko mene ne?
Ganuwarmu ce ta gabas.
Shekara tara kana ɗibarta bokiti-bokiti,
yanzu igiyar ruwa na shiga rumfar masu turare."

Na farfaɗo a cikin jirgi, Nomau na danna mini ciki,
yana zagin uwar taurin kaina.
Tafin hannuna shuɗi. Har yau sabulu ya kasa.

Ban daina haƙa ba, 'ya'yana huɗu ne.
Sai dai kullum da almuru
nakan mai da bokiti ɗaya, in zuba a hankali wajen gabas.
Nomau na cire shi daga ladana,
ya gaya wa mutane rana ta taɓa ni.

To, ya ce.
Amma in kun bi ta gindin dogayen benayen nan da dare,
bayan masu gadi sun kashe rediyo,
ku kara kunne a bango.
Akwai wata mata a ciki, tun bara,
tana taya kantun gishiri,
mai shi bai sallama ba tukuna.